Ufa don ƙaramin falo: inci 8 ko inci 12?

Abban Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wurin masana kayan sauti. Ciki da falo nake haya a Badarawa, falon ƙafa 12 ne a kan 12, kuma kujeru da talabijin da ɗan firij sun riga sun cinye rabinsa. Ina da amfilifaya da ƙananan sifikoki biyu. Murya tana fita tas, amma da an sa fim ko kiɗa mai ganga sai ka ji abin fayau, babu nauyi. Ina son ƙara ufa, wato sifikar da ke fitar da sauti mai kauri (bes), wadda ba za ta tare hanya ba. Na leƙa kasuwar Sheikh Gumi na ga wata 'yar ƙarama an rubuta 3000W a kwalinta, na kuma ga wata inci 12 'yar kwatano wadda sai na fitar da kujera ɗaya kafin ta sami wuri. Wacce za ku ce in ɗauka?

Sarkin Bes: Wa alaikumus salam. Fitar da kujerar kawai Yallaɓai. Baƙi su zauna a kafet. Ni da nake sa kiɗa a gidajen biki daga Rigasa har Kawo ban taɓa ganin inci 8 ta girgiza ƙirjin mutum ba. Ufa girma ce. In ba ta kai 12 ba, rediyo ka saya.

Maman Ilham: Sarkin Bes, gidan haya fa ya ce. Ka ji ya ce filin biki?

Injiniya: Abban Hanifa, kafin maganar girma, koma wurin mai 3000W ɗin nan ka juya bayanta. Kusa da inda wayar wuta ta shiga akwai 'yar takarda da ke faɗin wutar da take ja. Sau da yawa za ka tarar 40W ne ko 60W. Na'urar da ke jan 60W daga soket ba ta da inda za ta samo 3000W ta ba sifika. Lambar kwali ita ce suke kira PMPO, kuma babu wata ƙa'ida da aka yarda da ita wajen auna ta, kowane kamfani abin da ya ga dama yake bugawa. Wadda ake dubawa ita ce RMS, wato ƙarfin da amfilifaya za ta iya riƙewa tana aiki ba na ƙiftawar ido ba. In ba su rubuta RMS ba, duba fiyus. Fiyus mai amfiya 1 a wutarmu ta 230V iyakarsa wajen 230W, ka ga ƙarya ta ƙare a nan.

Sannan wat ɗin ma kansa mutane suna ba shi girman da bai kai ba. Ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kacal ka ƙara (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne). Kafin kunne ya ce ƙara ta ninku, sai ka ninka wat kusan sau goma. Tsakanin 100W da 150W na gaskiya, a falo irin naka, da ƙyar za ka bambanta.

Mai Shago: Injiniya ranka ya daɗe, kada ka kashe mana kasuwa mana. Gaskiya ka faɗa, amma mu ma ba mu muka buga kwalin ba. Kwastoma in ya shigo, wadda lambarta ta fi yawa yake nunawa. Ka ce masa ga mai 70W ta fi, sai ya ɗauka so kake ka cuce shi, ya wuce shagon gaba.

Sarkin Bes: To mun ji maganar wat. Amma Injiniya ka faɗa wa mutane gaskiya, faifai babba ya fi ƙarami tura iska ko bai fi ba?

Injiniya: Ya fi, ban musa ba. Faɗin fuskar inci 12 ya ninka na inci 8 fiye da sau biyu. Kuma duk lokacin da kake son sauti ya sauka rabi, a ce daga 80 Hz zuwa 40 Hz (Hz yawan kaɗawar sauti ne a daƙiƙa, in lambar ta ragu sauti ya ƙara kauri), da ƙarfi iri ɗaya, sai faifan ya tura iska ninki huɗu. Shi ya sa ƙaramar ufa take wahala a ƙasa. Akwai wata ƙa'ida da masu haɗa sifika suke jingina wa Hofmann, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin KLH a Amurka: ƙaramin akwati, bes mai zurfi, da ƙarancin cin wuta, biyu za ka zaɓa, ba ka samun ukun tare. In ka ga akwati ƙarami yana sauka ƙasa sosai, to da amfilifaya mai ƙarfi ya biya.

Inda muka rabu da kai shi ne ɗaki. Kai a fili kake aiki, ƙarƙashin rumfa, sauti ya fita ya tafi abinsa. A ɗaki ba ya tafiya. Sauti yana gudun mita 343 a daƙiƙa, don haka zangon igiya ɗaya ta 40 Hz ya haura mita 8, ya fi falon Abban Hanifa tsawo sau biyu. Sai ya bugi bango ya dawo ya haɗu da mai tahowa. Ka ɗauki daro da ruwa ka riƙa jijjiga shi gaba da baya: ruwan yana tashi sosai a gefe biyu, tsakiya kuwa kusan ba ya motsi. Haka bes yake yi tsakanin bango biyu. Jikin bango ya yi yawa, tsakiyar ɗaki ya ɓace.

Lissafin sautin da zai fi taruwa a ɗaki ba wuya: 343 a raba da ninki biyu na tsawon ɗaki a mita. Ƙafa 12 mita 3.66 ce, amsa ta faɗo wajen 47 Hz. Matsalar ɗakunanmu na 12 a kan 12 ita ce tsawo da faɗi ɗaya ne, to 47 ɗin nan sau biyu take taruwa. Ka kawo inci 12 mai ƙofar iska ka cusa a kusurwar wannan ɗakin, abin da za ka ji shi ne guuum guda ɗaya tana bin kowace waƙa, kiɗan kalangu da jita da fashewar bam a fim duk murya ɗaya.

Ɗan Poli: Baba Injiniya wannan bayani ya fi na aji. Abin da zan ƙara: yawancin masu gwada ufa a YouTube a Amurka suke, gidajensu bangon katako da allon jifsam ne, bes yana ratsawa ya fice, falukansu kuma manya. Mu bulo da siminti ne, ƙasa tayil. Bangonmu yana maido da bes ciki. In Ba'amurke ya ce inci 8 ba ta ishe shi ba, ba da ɗakinmu yake magana ba.

Abban Hanifa: Allah ya ƙara basira. Injiniya ka ambaci mai ƙofar iska. Ni duk wadda na gani tana da rami a gaba ko a baya. Akwai marar rami ne?

Injiniya: Akwai, rufaffen akwati. Mai ramin an auna bututun ne ya yi amo a wani mataki, a ce 35 ko 40 Hz, sai ya taimaka wa faifan a wurin, ka sami ƙara da wuta kaɗan. Kuɗin da ka biya shi ne akwati ya ƙara girma, kuma ƙasa da wannan matakin sautin yana faɗuwa da sauri, faifan ya riƙa lilo ba abin da ke riƙe shi. In bututun ya yi ƙanƙanta kuma, kana ƙure murya za ka ji yana fufu. Rufaffe ya fi ƙanƙanta, sautinsa a hankali yake raguwa in ana sauka, kuma ƙaramin ɗaki mai bangon siminti yana cike masa wannan giɓin da kansa. Ni a falo 12 a kan 12, rufaffe inci 8 ko 10 zan sa. In mai rami ka samu, ba laifi, amma kada ramin ya manne da bango, kuma za ka iya cusa masa soso ka ji ko gum ɗin ta ragu.

Ɗan Poli: Ga waɗanda ake yawan ambata in ana maganar ƙanana. SVS SB-1000 Pro rufaffiya ce, inci 12, 325W RMS, amma akwatin bai kai inci 15 ba ta kowane gefe, ka ga ba kowace 12 ce ƙatuwa ba. SVS 3000 Micro faifai biyu ne na inci 8 suna ba juna baya, 800W. KEF KC62 da ta fito a 2021 faifai biyu ne na inci 6.5, 1000W, kusan santimita 25 kowane gefe. Hikimar faifai biyu masu ba juna baya ita ce girgizar ɗaya tana kashe ta ɗaya, akwatin ba ya rawa a ƙasa. Ku lura da wat ɗinsu, maganar Hofmann ce: an ƙanƙantar da akwati, an biya da wuta.

Maman Ilham: Ɗan Poli, nawa?

Ɗan Poli: KEF ɗin ta haura dala 1,000 Hajiya. SB-1000 Pro dala 500 zuwa sama, kafin kuɗin jirgi da kwastan.

Maman Ilham: To ka ajiye wannan sai ka gama makaranta ka fara ɗaukar albashin kamfanin mai. Mutumin da ke lissafin kuɗin haya da na makarantar Hanifa kake karanto wa dala.

Mai Shago: Hajiya ta gama magana. Abin da ya fi kusa da aljihun mutane irin su Yamaha NS-SW050 ne, inci 8, 50W, ko Edifier T5, inci 8, 70W, ko Polk PSW10, inci 10, 50W RMS. Ba kullum ake samunsu a Kaduna ba, wani lokaci sai an yi oda daga Alaba a Legas. 'Yan kwatano kuwa sa'a ce, yau ka ga mai kyau, gobe tarkace.

Injiniya: Waɗannan ba za su kai ka 20 Hz ba, kada wani ya ruɗe ka. Amma tambayi kanka me kake saurare. Igiya mafi kauri a jitar bes mai igiya huɗu wajen 41 Hz take. Muryar namiji ba ta cika sauka ƙasa da 85 ba. Mai sauraron karatu da wa'azi da labarai ba ya buƙatar ufa ko kaɗan. Mai kiɗa, in ta sauka 40 da tsabta ta biya. Fim ne ya fi neman abin da ke ƙasa da haka, kuma wannan yankin shi ne wanda maƙwabci ya fi ji.

Maman Ilham: Yauwa, an zo wurin. Ni wannan ce ta sa na tsaya a zancen nan. Mun zauna gidan haya bango ɗaya da wani bawan Allah mai irin wannan ufa. Wallahi ba waƙar kake ji ba, da waƙar ce ma da sauƙi. Dum dum kawai, cikin dare, ta cikin katifa. Kwanukan da ke cikin kabet suna kaɗawa. Yaro ya yi barci ya farka. Ka je ka yi magana ya ce ai bai ƙure ba, kuma da gaske yake, a inda yake zaune ba ya jin yawanta. Yanzu da Injiniya ya yi bayanin tsakiyar ɗaki na gane dalili: shi yana zaune inda bes ɗin ya ɓace yana ta ƙarawa, mu muna jikin bango inda ya taru. Abban Hanifa, haƙƙin maƙwabtaka ba abin wasa ba ne, ka sa shi cikin lissafi tun kafin ka biya kuɗi.

Sarkin Bes: Sai ya manna kiret ɗin ƙwai a bango, an gama.

Injiniya: Kiret ɗin ƙwai ba ya tare komai, Sarki. Ko soson situdiyo na gaske amsa-kuwwar sauti mai kaifi yake ragewa a cikin ɗaki, ba ya hana bes fita. Abin da ke tare bes nauyi ne da tazara, kuma duk bango ya fi barin sauti mai kauri ya wuce a kan mai kaifi. Abin da ɗan haya zai iya yi kaɗan ne amma yana aiki: kada a jingina ufa da bangon da kuka haɗa da maƙwabci, a ɗora ta a kan roba mai kauri ko soso mai tauri don kada ta riƙa bugun tayil kai tsaye, a matso da ita kusa da wurin zama don a rage mata murya, in dare ya yi kuma a kashe ta. Ta kusa da kujera a ƙaramar murya ta fi ta nesa da aka ƙure.

Abban Hanifa: Hajiya na karɓa, dama bangon talabijin ɗina shi ne na maƙwabcina, kuma akwai tsohuwa a ɗakin. To Injiniya in ba a gaba kusa da talabijin ba, ba zan riƙa jin bes yana fitowa ta gefe ba?

Injiniya: In ka saita ta daidai, a'a. Ƙasa da 80 Hz kunne ba ya iya nuna inda sauti yake fitowa, shi ya sa THX, kamfanin da ke tsara ƙa'idojin sautin fim, suka tsayar da 80 a matsayin mahaɗa tsakanin ufa da sauran sifikoki. A bayan ufar akwai abin murɗawa mai lambobi, daga 40 ko 50 zuwa 150 ko 200. Mutanenmu ƙurewa suke yi, sai muryar mai labarai ta riƙa fitowa ta cikin ufa. Fara daga 80. In sifikokinka ƙanana ne ƙwarai, faifansu inci 3 ko 4, ka ɗaga zuwa 100 ko 120, amma a nan sai ka bar ta kusa da su don kunne ya fara gane wurinta.

Neman wuri kuma ga dabara, ba ta cin ko sisi. Ɗora ufar a kan kujerar da kake zama, sa waƙar da bes ɗinta yake hawa yana sauka, ka durƙusa ka bi gefen bango da rarrafe kana saurare. Inda ka ji kowane bugu ya fita daban, babu wanda ya danne wani, nan ne wurinta. Ka rufe ƙofa kafin ka fara, kada uwargida ta kira 'yan'uwanka. Bayan nan akwai maɓalli mai 0 da 180, zauna a kujerarka wani ya riƙa juya maka, ka bar shi inda bes ya fi cika. Murya kuma ka ɗaga har ka fara jin ufar a matsayin wani abu daban, sai ka rage kaɗan. Kujerar ma in tana tsakiyar ɗaki daidai, matsar da ita.

Oga Kafinta: Ni fa ina ganin ku kuna ta kiran dala, alhali a Panteka muna haɗa akwati. Ka sayi faifai inci 10 mai kyau da 'yar amfilifayarsa, in yanka maka allon katako na MDF mai kauri milimita 18 daidai lungun da kake da shi, ko dogo siriri da zai shige bayan kujera. Ba sai ka fitar da komai ba.

Injiniya: Wannan hanya ce mai kyau, da sharaɗi: rufaffe za ka yi masa, Oga. Rufaffe yana yafe kuskure, in faɗin cikin ya ɗan ƙaru ko ya ragu ba a mutu ba. Mai rami sai an san alƙaluman faifan, waɗanda ake kira na Thiele da Small, a zuba su a manhaja irin WinISD ta fitar da faɗin akwati da tsawon bututu. Abin da nake gani ana yi shi ne a huda rami a soka bututun ruwa yadda ido ya ga dama. Kuma a sa gam a kowace gaɓa, a sa katako a ciki ya riƙe bango da bango, kada iska ta sami mafita ko ta wurin waya.

Oga Kafinta: Rufaffen ma ya fi mini sauƙi. Kuma ɓera ba ya shiga. Na sha buɗe mai rami in tarar an yi gida a ciki an cinye waya.

Sarkin Bes: Ni dai har yanzu ina kan bakana. Ranar da ya tashi daga gidan nan ya koma babban falo a Millennium City, inci 8 ɗin nan za ta zama abin wasan yara, ya sake sayen wata. Saye ɗaya ya fi saye biyu.

Ɗan Poli: In ya koma babban falo sai ya ƙara ta biyu irinta. Ƙanana biyu a wurare daban sun fi babba ɗaya daidaita bes a ɗaki, don inda ɗaya ta ɓace ɗayar tana cikewa.

Sarkin Bes: Ka ga ka dawo maganata, faɗin inci 8 biyu ai ya kusa na 12 ɗaya.

Baban Sadik: Ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni sola nake amfani da ita a Kinkinau. Ufa ba za ta shanye mini batir ba? Kuma tawa tana wani kuka uuun ko ba a sa komai ba.

Injiniya: Yawancin sababbin ƙanana amfilifayarsu ajin D ce, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ta ja tana zama aiki, ba ta zafi sosai. Kuma lambar da aka rubuta iyaka ce, a sauraro na hankali abin da take ja bai kai kusa da haka ba. Tsofaffi masu babbar taransifoma su ne masu ci da zafi. Kukan kuma biyu ne. In inbatarka ba mai tsabtatacciyar wuta ba ce, irin masu arha da wutarsu take fita da kusurwa, taransifoma za ta yi kuka ta yi zafi, maganinta sai inbata mai kyau. In a wutar gari ma tana yi, to kukan 50 Hz ne na haɗuwar waya. Zare wayar dish daga dikoda ka ji. In ya tsaya, ka gano ɓarawon. Ka haɗa ufa da amfilifaya da talabijin a soket ɗaya, ka raba wayar sauti da wayar wuta. Kada wani ya ce ka karya ƙafar as ta fulogi, wato ta ukun nan mai kare mutum daga kamun wuta, ranka ya fi bes.

Abban Hanifa, wannan ta shafe ka kai ma: 'yar kwatanon nan, duba ko 120V aka rubuta. Kayan Amurka 120V ne, mu 230V. In ba ka ga 220 zuwa 240 ba, ko 100 zuwa 240, kana sokawa ta tafi, sai da taransifomar rage wuta. Kuma ko wacce ka saya, sitabilaiza ko abin kariya daga tashin wuta dole ne, musamman in ana sauyawa tsakanin janareta da wutar gari.

Abban Hanifa: Na duba bayan amfilifayata yanzu, babu inda aka rubuta SUB OUT. Shi ke nan ba ta haɗuwa?

Injiniya: Tana haɗuwa, amma sai ka zaɓi ufar da ke da wurin shigar wayar sifika, irin ja da baƙin nan masu matsewa, ba jan da farin fulogi kawai ba. Sai ka ja waya daga inda sifikokinka suke fita ka kai mata, ita ta tace bes ɗinta. Polk ɗin da aka ambata tana da shi. Kuma ka tabbata mai amfilifaya a ciki ce, mai wayar wuta tata. Akwai waɗanda ake cirowa daga saitin hom tiyata, akwati ne da faifai kawai, su sai da uwarsu. Haka marar wayar nan da ke zuwa da doguwar sifikar ƙarƙashin talabijin, yawanci da tata kawai take magana, in an raba su ba ta da amfani, kuma ana sayar da su a warware ga wanda bai sani ba.

Mai Shago: In ka tashi ka zo da filas ɗinka da waƙoƙin da ka sani, kada ka yarda da wadda yaron shago zai sa maka, mun san wadda ke sa kowace ufa ta yi daɗi. Kuma ku yi magana a kan in ba ta zauna da ɗakinka ba za ka dawo da ita ka canza, a rubuta a rasit. Shago a buɗe yake ga hayaniyar kasuwa, abin da ka ji a nan ba shi za ka ji a gida ba.

Injiniya: In ta hannu ce, kafin a kunna ka cire ragar gaba ka duba zoben da ya kewaye faifan. Na soso yana ruɓewa da zafi da daɗewa, ka taɓa shi ya marmashe, na roba ya fi jure yanayinmu. Sa yatsu a kewayen tsakiya ka tura faifan ciki a hankali, daidai ba a karkace ba. In ka ji yana gogar wani abu, koyil ɗin ya taɓa ƙonewa, bar ta. A kunna ba waƙa ka kasa kunne ko tana kuka, sannan a bar ta tana aiki kamar minti goma sha biyar ka taɓa farantin baya ka ji zafinsa.